Yadda Ake Sa wa Bijimin Iri Kuɗi a Gwanjon Stirling

Sa wa san yanka kuɗi ba ya ba wanda ya san sana'ar wahala. Mahauci zai dube shi, ya shafa haƙarƙari, ya ƙiyasta naman da zai fita, ya faɗi abin da zai iya biya, kuma kafin mako ya zagayo ya san ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi. Bijimin iri, wato wanda ake saya don barbarar shanu, shi ne mai wuyar sha'ani. Mai sayensa maruƙan da ba a haifa ba yake sa wa kuɗi, ba kuma zai ga sakamakon cinikinsa a mayanka ba sai bayan shekara biyu ko uku. Duk da haka akwai mutanen da suka mai da wannan ƙiyasi sana'a mai ƙa'ida, kuma wurin da ya fi dacewa a kalli aikinsu shi ne garin Stirling na ƙasar Sikotilan, inda kamfanin United Auctions ke gudanar da gwanjon bijimai a watannin Fabrairu da Mayu da Oktoba. A garin Perth aka faro wannan gwanjo tun shekarun 1860, sai a 2009 aka kai shi Stirling. Kowane bijimi minti biyu ko uku yake yi a filin gwanjo. Aikin da ke bayan waɗannan mintoci ya fi shekara.

Mai saye na gaskiya a gida yake fara cinikin, makonni kafin ranar, da littafin gwanjo a hannu. Kafin ma ya buɗe littafin sai ya zauna ya tuna halin garkensa. Shanunsa manya ne ko matsakaita? Karsana nawa zai ba bijimin, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba? Bara sau nawa ya tashi tsakar dare ya ja maraƙi da igiya, sau nawa aka kira likita ya farka ciki? Maruƙan da zai samu, sayar da su zai yi da an yaye su, ko turke su zai yi har su isa yanka, ko kuwa matan zai ajiye su zama iyayen gobe? Amsar kowace tambaya tana fitar da wasu bijimai daga lissafi. Mutumin da zai ajiye 'ya'ya mata yana neman tsatson da ke da nono da sauƙin haihuwa. Wanda zai sayar da komai ga mahauta girma da tsoka yake bi.

Sai ya buɗe littafin. Kowane bijimi yana da lambarsa, ranar haihuwarsa, sunan uwa da uba da kakanni, sannan wani jeri na alƙaluma da ake taƙaita sunansa da EBV. A sauƙaƙe ƙiyasin gado ne: abin da ake sa ran dabbar za ta gadar wa 'ya'yanta. Hikimar da ke cikinsa ta cancanci a tsaya a kanta. Idan ka ga bijimi ya kai kilo 800 yana ɗan shekara ɗaya da rabi, ba ka san nawa ne na jini ba, nawa ne na dusa. Maraƙi kuwa jinin zai gada, dusar tana can gidan mai kiwo. Don a raba biyun, sai a auna kowane maraƙi ranar haihuwa, a sake auna shi wajen kwana 200, da kuma wajen kwana 400, a kwatanta shi da tsararrakinsa kawai, waɗanda aka haifa lokaci guda, a gona guda, suka ci abinci iri guda. Wanda ya zarce sa'o'insa a kan abinci ɗaya, jininsa ne ya ɗaga shi. Daga nan kwamfuta ta haɗa wannan da awon uwarsa da ubansa da 'yan ubansa da ke warwatse a wasu garkuna. Tushen wannan lissafi aikin wani masani ne ɗan Amurka, Charles Henderson na Jami'ar Cornell, kuma yau kusan duk ƙasar da ke kiwon zamani da shi take aiki.

Har naman da ke ƙarƙashin fata ana aunawa dabbar tana tsaye da ranta. Ma'aikaci zai aske ɗan wuri a gadon baya, tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13, ya shafa mai, ya ɗora na'urar hoto irin ta duba mai juna biyu. Faɗin tsokar baya zai fito a allo, da kaurin kitsen da ke samanta, da kitsen da ya ratsa cikin tsokar, wanda shi ke sa nama taushi da ɗanɗano.

Gwani ba ya karanta lamba ɗaya ita kaɗai. Ya san cewa girma da sauƙin haihuwa ba su cika zama inuwa ɗaya ba: bijimin da ke ba da maruƙa masu saurin girma sau da yawa yakan ba da su da nauyi tun a ciki, karsana kuwa ƙugunta bai gama buɗewa ba. Maraƙin da ya mutu a naƙuda ba ya hawa sikeli. Yana kuma duba wata ƙaramar lamba da ke ƙarƙashin kowane ƙiyasi, wadda ke nuna ƙarfin hujjar. Bijimi matashi da bai haifi ko ɗa ɗaya ba hujjarsa ba ta da ƙarfi, lambobinsa na iya hawa ko sauka nan gaba. Wasu littattafan har sakamakon gwajin ƙwayar halitta suke bugawa, musamman wadda ke sa tsoka ta ninku. A shanun Limousin akwai nau'inta da ke ƙara nama ba tare da wata wahalar haihuwa ta a zo a gani ba, akwai kuma nau'o'in da in maraƙi ya gaje su ta uwa da uba, sai an yi da gaske kafin ya fito.

Daga nan sai lissafin aljihu, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Bijimi rabin jinin maraƙi yake bayarwa, don haka in ƙiyasinsa ya fi na wani da kilo 40 a awon kwana 400, 'ya'yansa za su fi da kilo 20 a matsakaici. A ce zai hau shanu 30 a shekara, ya yi shekara huɗu yana aiki. Maruƙa 120 ke nan, kilo 2,400 na ƙari. In a misali kilo yana kan fam 3, bambancin ya kai fam 7,200. Mai saye zai rage wani abu saboda tsautsayi, ya tuna kuɗin da zai samu ranar da bijimin ya tsufa aka kai shi mayanka, sannan ya rubuta iyakarsa a gefen shafi. Bijimai biyar ko shida yakan yi wa alama, kowanne da nasa iyaka, don ba shi kaɗai ya iya karatu ba.

Takarda dai takarda ce. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, shi ya sa mai himma yake isa Stirling kwana ɗaya kafin gwanjo. Kafin a bar kowane bijimi ya shiga fili, likitan dabbobi da wakilin ƙungiyar masu wannan iri sai sun duba shi. Za a karanta lambar kunne a gwama ta da takardar shaidarsa. Za a buɗe baki. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, kuma dole haƙoran ƙasa su sauka daidai a kansa, in ba haka ba cizgar ciyawa za ta gagare ta, kuma aibin yana bin jini. Za a duba ido. Sannan likita ya tsuguna a baya, ya tattaro maraina zuwa ƙasa da hannu ɗaya, ya zagaya su da tef ɗin awo a inda suka fi kauri. Abin da likitoci kan nema shi ne aƙalla santimita 30 ga ɗan shekara guda, 34 ga wanda ya haura shekara biyu. Zai matsa su a hankali ya ji ko girmansu ɗaya, ko suna da ƙwari, ko akwai ƙullutu. Girman maraina yana tafiya da yawan maniyyi, kuma an lura 'ya'ya matan irin wannan bijimi sukan balaga da wuri. Wanda ya faɗi wannan dubawa, komai kyansa, motar da ta kawo shi ita za ta mai da shi gida.

Dalilin wannan tsanani yana cikin tarihin gwanjon kansa. A 1963, a Perth, an sayar da wani bijimin Aberdeen-Angus mai suna Lindertis Evulse a kan gini 60,000 (gini shi ne kuɗin da ake kira a gwanjon), kuɗin da ba a taɓa jin irinsa ba a lokacin. Wata gona a jihar New York ta Amurka ce ta saye shi. Da aka kai shi aka haɗa shi da shanu, sai ya zamana ba ya haihuwa. Yau bijimi yana zuwa da lamunin cewa zai ba da ciki, wasu masu kiwon ma sukan kawo takardar gwajin maniyyi, inda aka duba motsin ƙwayoyin da siffarsu a madubin likita.

Bayan likita, sai mai saye ya yi nasa duban. Zai karanta katin da aka liƙa a saman ɗakin bijimin, wanda ke faɗin matsayin lafiyar garken da ya fito: yaushe aka yi gwajin tarin fuka, wace rigakafi aka yi, wane mataki garken yake a kan ciwon hanjin nan mai ramar da shanu da ake kira Johne's, daga 1 mafi aminci zuwa 5. Sannan ya roƙi a fito da dabbar ta yi tafiya a kan siminti. Zai tsaya a baya ya ga ko ƙafar baya tana sauka a sawun ta gaba. Zai koma gefe ya dubi gwiwar baya: in ta miƙe sambal, gaɓar za ta gaji da wuri, in ta lanƙwashe da yawa, ita ma matsala ce. Zai sunkuya ya dubi kofato, ko ɓangarorin biyu tsawonsu ɗaya, ko wani tsiro ya fito a tsakaninsu. Lokacin barbara nauyin dabbar gaba ɗaya a kan ƙafafun baya yake, bijimi mai ɗingishi kuwa ci kawai zai yi ta yi. Zai dubi kafaɗa, domin mai faffaɗar kafaɗa da gajeren wuya maruƙansa sukan maƙale. Zai kuma lura da hali: kunne, ido, yadda yake yi in baƙo ya matso. Dabbar da ta doshi tan guda ba abin wasa ba ce, faɗa kuma ana gadonsa.

A nan dole a yaba wa ɗaya ɓangaren. Masu kiwon sun shafe watanni suna koya wa bijimin bin ragama, an sa masa zobe a hanci, an saba masa da hayaniya. Da asubar ranar an wanke shi da sabulu, an busar da gashin da injin iska, an taje shi sama, an rage nan an bar can da almakashi, har gadon baya ya fito a miƙe, cinya ta cika. Mai jan sa yana riƙe da doguwar sanda mai ɗan ƙugiya, yana taɓa kofato da ita don ƙafafu su tsaya daidai, yana sosa masa ciki don ya natsu. Wannan duk halal ne, gwaninta ce. Amma mai saye da ya san kansa ba ya yarda da gashi. Zai nutsa yatsunsa ya ji haƙarƙari, ya shafa gindin wutsiya da ƙirji, wuraren da kitse ke fara taruwa. Tsoka tana da tauri, tana motsi in dabba ta taka. Kitse laushi gare shi, rawa yake yi. Bijimin da aka ɗura wa hatsi don ya burge yakan zube cikin 'yan makonni in ya koma cin ciyawa, kofatonsa na iya lalacewa, kitsen da ya taru a wuyan maraina kuma yana dumama su, alhali sai sun fi jiki sanyi suke aiki. Wanda ya iso da hantsi ranar gwanjo, ya zagaya sau ɗaya hannu a aljihu, ya tsaya inda aka rataya jan ƙyallen zakara, shi ne kasuwar irin wannan bijimi.

Filin gwanjon da'ira ce da aka zuba wa garin katako, an kewaye ta da ƙarfe, kujeru sun hau sama hawa-hawa. Mai gwanjo yana tsaye a kan dakali da 'yar gudumarsa, magatakarda a gefensa. Kuɗin da yake kira gini ne. Gini tsohon tsabar zinariya ne da aka fara bugawa a 1663 da zinariyar gaɓar tekun Afirka ta Yamma. An daina buga shi tun farkon ƙarni na 19, amma masu dawaki da shanun iri sun riƙe shi a lissafi: sule 21 a tsohon kuɗi, fam 1.05 a na yanzu. A al'adar da, fam ɗin na mai dabba ne, sulen da ke kai la'adar mai gwanjo.

Saɓanin kara, inda dillali kan ja mai saye gefe a yi magana ƙasa-ƙasa, a nan komai a bainar jama'a ake yi, amma duk da haka rabin abin da ke gudana ido bai cika kama shi ba. Mai gwanjo yakan fara da kiran kuɗi mai tsoka, wanda ya san ba wanda zai amsa, don ya dasa wa mutane kimar dabbar a zuciya. Sai ya yi ta saukowa har wani ya taya. Daga nan hawa ake yi. Tayin kansa ba a ɗaga murya: wani gira zai ɗaga, wani ya karkata littafinsa, wani ya motsa yatsa ɗaya a kan ƙarfe, don kada maƙwabcinsa ya san shi ne. Mai gwanjo ya san yawancinsu, ya san wanda bijiminsa ya mutu bana, ya ga wanda ya koma ɗaki ɗaya sau uku jiya. Ba ya warwatsa hankalinsa. Mutum biyu yake kamawa ya yi ta kai-komo a tsakaninsu, sai ɗaya ya girgiza kai sannan ya nemi na uku. In tayi na gudu, da ɗari biyar-biyar ko dubu-dubu yake hawa. In ya ga an fara nauyi, sai ya rage matakin zuwa ɗari biyu, ya tsaya ya tuna wa jama'a wane ne uban bijimin, ko ya ce a dubi wannan baya. Wannan ɗan tsaikon ba hira ba ce, lokaci yake ba mai shakka ya sake shawara. Tun 2020 kuma ga allon masu tayi ta intanet, shi ma sai ya sa masa ido.

Mai dabbar yana nan kusa. In tayi ya tsaya, mai gwanjo zai dube shi. Ya gyaɗa kai, an sallama. Ya girgiza, a fitar da bijimin ba a sayar ba. Dokar cinikin kaya ta Birtaniya ta 1979 ta ce ciniki ya ƙullu ne da faɗuwar guduma, kafin nan mai tayi na iya janye tayinsa, kuma mai kaya ba shi da ikon taya kayansa sai in an sanar tun farko cewa ya riƙe wannan haƙƙi. Bayan an gama, mai sayarwa yakan nemi mai saye ya danƙa masa ɗan wani abu a hannu, kuɗin sa'a suke ce masa, gyara ke nan.

Abin da jaridu ke ɗauka washegari shi ne farashin ƙoli, kuma akwai na ban mamaki. A Oktoban 2012 an sayar da bijimin Charolais mai suna Vexour Garth gini 100,000 a Stirling. A Janairun 2021, a kasuwar Carlisle da ke arewacin Ingila, wata karsanar Limousin, Wilodge Poshspice, ta kai gini 250,000, wato fam 262,500. Sai dai irin wannan kuɗi wata kasuwa ce daban. Masu kiwon iri ne ke gasa a junansu, sau da yawa ma haɗa kuɗi suke yi, domin za su sayar da maniyyin bijimin a daskare ko su ɗebi ƙwayayen karsanar a dasa wa wasu shanu. Mutum biyu masu zuciya sun isa su kai farashi sama. Wanda ke son sanin ko kasuwa na da rai, lamba biyu yake nema: matsakaicin farashi, da kuma kashi nawa cikin ɗari na bijiman da aka shigo da su aka sayar. In matsakaici ya hau amma sulusin bijimai sun koma gida, masu saye tsince suke yi, 'yan kaɗan ne masu kyau. In kusan duka sun tafi, har na ƙasa-ƙasa sun samu gida, to makiyaya na da kuɗi a hannu kuma suna da niyyar ci gaba da kiwo. A ganina wannan lamba ta biyu ta fi kowace faɗin gaskiya.

Abin da ke cika hannun makiyayi ko ya bushe shi kuwa daga wajen fili yake zuwa. In maruƙan da ya sayar da kaka sun yi daraja, zai zo gwanjon Oktoba da ƙarfinsa. In abinci da taki sun yi tsada, ko rani ya hana ciyawa, sai ya ce tsohon bijimin ya ƙara shekara. Yawan shanun nama masu haihuwa a Birtaniya ya daɗe yana raguwa, kowace saniya talatin da ta fita kuwa gurbin bijimi ɗaya ne ya rufe. Annoba tana iya tsayar da komai, kamar 2001 da ciwon baki da kofato ya sa aka rufe kasuwanni aka hallaka dabbobi sama da miliyan shida. Sannan ga sauyin abin da mahauta ke so. A shekarun 1950 da farkon 1960 masu saye daga Amurka da Ajantina gajerun Angus masu dunƙulallen jiki suke rububi a Perth. Da aka shigo da Charolais daga Faransa a 1961, Simmental a 1970, Limousin a 1971, manya masu tsoka da ƙarancin kitse, sai kasuwar Angus ta faɗi warwas. Masu kiwonsa suka nemo jini mai tsawo da girma daga Kanada, manyan kantuna suka fara biyan ƙari a kan namansa, masu shanun madara suka riƙa neman sa saboda sauƙin haihuwa, ya sake dawowa gaba. Mai kiwon da ke haɗa saniya da bijimi yau, ɗan da za a haifa sai nan da shekara biyu da 'yan watanni zai shiga fili, don haka kasuwar wancan lokacin yake ƙoƙarin hangowa.

Faɗuwar guduma ba ta sallami mai saye ba. Yakan yi wa bijimin inshora kafin ya hau mota. A gida zai keɓe shi na wasu makonni inda zai riƙa hango wasu shanu don kada kaɗaici ya dame shi, a sake ɗibar jininsa, a rage masa hatsi sannu a hankali har cikinsa ya saba da ciyawa. Haɗa maniyyi yana ɗaukar kusan kwana 60, shi ya sa ake saye wata biyu ko fiye kafin lokacin barbara, don wahalar tafiya da sauyin abinci su wuce. Matashi ba a ba shi shanu da yawa a shekarar farko, 15 zuwa 20 sun ishe shi. Makiyayi zai tsaya ya ga hawansa na farko da idonsa, ya rubuta lambar saniyar da ranar, ya ƙirga kwana 21. In ta sake neman namiji, ita da wasu da dama, zai kira likita tun lokacin lamuni bai ƙare ba. In ba ta nema ba, nan da kwana 283 ko kusa da haka zai ɗora maraƙin farko a sikeli, ya aika nauyin ga ƙungiya, a zuba shi cikin lissafin uban da na 'yan uwansa da za a kawo Stirling baɗi.